Yadda Ake Riƙe Hancin Kumbo Idan Inji Ya Kama

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau sararin samaniya za mu leƙa, amma ta allon kwamfuta. Akwai wani wasa mai suna Kerbal Space Program, inda mutum ke harhaɗa roka da kansa, ya harba ta, ya tuƙa ta har zuwa wata. Abin da za mu tattauna shi ne yadda ake riƙe hancin kumbo a daidai lokacin da inji ke ci, domin a nan ne masu koyo suka fi ƙarar da mansu a banza. Wanda bai taɓa ganin wasan ba ma kada ya murɗa akwatinsa, don dokokin da za mu ji su ne dai 'yan sama jannati na gaske ke aiki da su.

Wani kamfani ne mai suna Squad da ke birnin Meziko ya ƙirƙiro wasan, bisa tunanin wani ma'aikacinsa ɗan ƙasar Brazil, Felipe Falanghe. An fara sakinsa a 2011, cikakken bugu kuma ya fito a watan Afrilun 2015. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta haɗa hannu da masu wasan a 2014 suka ƙara masa aikin kamo dutsen sararin samaniya. Duniyar da ke cikin wasan sunanta Kerbin. Ƙarama ce, daga tsakiyarta zuwa doronta kilomita 600 ne kacal, alhali tamu ta haura kilomita 6,300. Iskarta tana ƙarewa a tsawon kilomita 70. Amma ƙarfin da take jan abu da shi daidai yake da na duniyarmu, kuma lissafin tafiya a falakinta lissafi ne na gaskiya.

To mene ne ma shiga falaki? Da yawa suna zaton hawa sama ne kawai. Hawa ɗan ƙaramin ɓangare ne na aikin. Babban aikin shi ne gudu a kaikaice, gudu mai tsanani, ta yadda kumbo zai riƙa faɗowa amma doron duniya na lanƙwashewa yana kauce masa. A Kerbin, idan kana kilomita 80 a sama, sai ka yi gudun kusan mita 2,300 a kowace daƙiƙa, ka kewaye ta cikin minti 31. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kimanin kilomita 400 a saman kawunanmu, tana gudun kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa, tana zagaye duniya cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Kumbon da ke wannan hali ba ya buƙatar inji don ya ci gaba da tafiya. Ana kunna inji ne kawai idan ana so a sauya hanya. Wannan ɗan lokaci na kunna inji shi za mu riƙa kira tunkuɗa a cikin shirin nan.

A ƙasan allon wasan akwai wani ƙwallo da ke juyawa, rabinsa shuɗi, rabinsa ruwan ƙasa. Shi ne ƙwallon alƙibla. Shuɗin yana nufin sama, ruwan ƙasan yana nufin doron duniya, layin da ya raba su kuma shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa. A tsakiyarsa akwai 'yar alama da ba ta motsi, ita ce hancin kumbonka. Sai kuma alamomi biyu masu ruwan ɗorawa. Ɗaya da'ira ce buɗaɗɗiya, tana nuna inda kumbo ya dosa a zahiri, mu kira ta alamar gaba. Ɗayar da'ira ce mai giciye a ciki, tana nuna inda ya baro, mu kira ta alamar baya. Mai sauraro ka riƙe wannan: inda hanci ke kallo daban, inda kumbo ke tafiya daban. A mota sitiyari ne ke haɗa su. A falaki babu titi, babu taya, kumbo na iya juya baya ko ya kwanta a gicciye alhali bai fasa tafiyarsa ba ko da taku ɗaya. Don haka gwanin tuƙi ƙwallon nan yake kallo fiye da hoton kumbon da ke tsakiyar allo.

Mu fara daga ƙasa. Roka ta tashi tsaye. Da gudunta ya kai tsakanin mita 50 zuwa 100 a daƙiƙa, sai ka ɗan karkata hancinta gabas, wajen lamba 90 a kan ƙwallo, da digiri 5 zuwa 10, ka sakar mata mara. Me ya sa gabas? Saboda duniya can take juyawa, kuma Kerbin na ba ka kyautar gudun kimanin mita 175 a daƙiƙa tun kana ƙasa. Daga nan nauyin rokar da kansa zai riƙa kwantar da ita sannu a hankali. Aikinka shi ne ka tsare hanci a cikin da'irar alamar gaba ko dab da ita. Idan ka fizge shi nesa alhali iska na da kauri, iskar za ta bugi gefen rokar ta kifar da ita, ka ga tana wulwulawa. Ma'aunin da masu wasan suka saba bi shi ne a wajen kilomita 10 roka ta kwanta rabi, wato digiri 45. Idan an kai wajen kilomita 36 za ka ga alamar gaba ta ɗan yi tsalle. Kada ka firgita, na'urar ce ta koma auna gudu daga na doron ƙasa zuwa na falaki.

Idan ka danna harafin M taswira za ta buɗe, ka ga hanyar kumbonka kamar baka. Wurin da ya fi nisa da duniya an yi masa alamar Ap, mu kira shi ƙololuwa. Wanda ya fi kusa an yi masa alamar Pe, mu kira shi gindi. Da ƙololuwa ta kai kilomita 80, sai ka kashe inji da harafin X, ka bar kumbo ya ƙarasa hawa da kansa. Kusa da ƙololuwa za ka sake kunnawa, hanci a kan alamar gaba, har gindin hanya ya fito daga cikin iska. A nan akwai wata dabara. Taswira na nuna daƙiƙu nawa suka rage ka isa ƙololuwa. Idan kana tunkuɗa ka ga daƙiƙun suna ƙaruwa da sauri, ƙololuwa na guje maka ke nan, sai ka sassauta totur ko ka ɗan sunkuyar da hanci. Idan kuwa suna neman ƙarewa alhali da sauran aiki, sai ka ɗan ɗaga hanci sama da alamar, digiri kaɗan, don kada ka fara gangarowa.

Daga wannan za ka gane doka ta farko ta falaki: tunkuɗar da ka yi a nan, a ɗaya gefen duniya take aiki. Ka tunkuɗa gaba a gindi, ƙololuwa ta ɗaga. Ka tunkuɗa gaba a ƙololuwa, gindi ya ɗaga. Ka juya ka tunkuɗa baya, ɗaya gefen ya sauko. Bajamushe Walter Hohmann ya bayyana wannan hanya ta sauya falaki da tunkuɗa biyu tun 1925, shekaru 32 kafin a harba tauraron ɗan'adam na farko. Da irin wannan tsari taurarin sadarwa, har da NigComSat-1R na Najeriya da aka harba daga China a Disambar 2011, suke kaiwa tsawon kilomita 35,786 inda suke tsayawa daidai da juyawar duniya.

Yanzu a ce kana so ka je Mun, wato watan Kerbin. Kana buƙatar ƙarin gudu na kimanin mita 860 a daƙiƙa. A kan taswira za ka danna wani wuri a hanyarka ka dasa shiri, ka ja alamar gaba har layin hasashe ya taɓa watan. Nan take wata shuɗiyar alama mai nuna inda za ka saita hanci za ta bayyana a ƙwallon alƙibla, tare da agogo mai ƙirga lokacin da ya rage da kuma tsawon lokacin da inji zai ci. Abubuwa uku ne ke raba gwani da ɗan koyo a nan.

Na farko, ka juya kumbo tun da wuri. Babban kumbo nauyin jiki gare shi, yana iya cin rabin minti kafin ya waiwayo. Ka ɗora hanci a kan shuɗiyar alama tun saura minti biyu ko uku, ka danna harafin T don na'urar daidaita kumbo ta riƙe maka shi. Wanda ya kunna inji alhali hanci na lilo, kowace daƙiƙa tana jefa shi wata hanya daban.

Na biyu, kada ka jira agogo ya kai sifili. Shirin da ka dasa yana lissafi ne kamar duk gudun za a same shi a ƙiftawar ido, inji kuwa lokaci yake ci. Don haka ana raba tunkuɗa gida biyu, rabi kafin wurin, rabi bayansa. Idan an ce inji zai ci daƙiƙa 80, ka kunna tun saura 40. Gara ma ka ɗan riga haka da kaɗan, domin da farko kumbo cike yake da mai, ya fi nauyi, bai kai saurin amsawa da zai yi a ƙarshe ba.

Na uku, kuma a nan aka fi yin ɓarna: idan saura ɗan gudu kaɗan aikin ya cika, shuɗiyar alama za ta fara zamewa, wani lokaci ta ruga can gefen ƙwallo. Dalili shi ne tana nuna ragowar gudun da ake bin ka ne, kuma idan ragowar ta ƙanƙance, ɗan kuskuren da ka tara a hanya sai ya zama shi ne mafi yawanta. Ɗan koyo sai ya bi ta da inji a buɗe, ya yi dama, ya yi hagu, ya lalata abin da ya gyaru. Abin yi shi ne, da saura mita 20 ko 30 a daƙiƙa, ka rage totur sosai. Da saura ƙasa da mita ɗaya a daƙiƙa, ka kashe, ka goge shirin, ka dubi ainihin hanyarka a taswira. In da gyara, ka rage ƙarfin injin daga jikinsa ka ɗan taɓa. Maɓallin Caps Lock ma yana tausasa juyin kumbo don irin wannan aiki.

Wani zai ce, in hanci ya ɗan kauce mene ne a ciki? Ɗaliban lissafi ku ɗauko kalkuleta ku danna kosain. Kaucewar digiri 10 tana cinye kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na tunkuɗarka. Digiri 30 tana cinye kashi 13. Digiri 60 kuwa rabi cif take ɗauka. Darasi biyu ke nan a dunƙule. Ƙaramar kaucewa ba abin tayar da hankali ba ce, bai kamata ka yi ta fizgar kumbo a kanta ba. Babbar kaucewa kuwa asara biyu ce, ka rasa mai, kuma abin da ya zube gefe ya karkatar maka da hanya.

Za mu ɗan shaƙata, in mun dawo mu ji abin da ake yi idan inji ba shi da ƙarfi, da kuma yadda wannan darasi ya taɓa ɗaure wa ƙwararrun matuƙa kai a sararin samaniya na gaske.

(Kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan tuƙin kumbo lokacin da inji ke ci, a cikin wasan Kerbal Space Program.

A wasan akwai injin nukiliya mai suna Nerv. Wajen tattalin mai ba shi da na biyu a cikin manyan injuna, amma turinsa kaɗan ne. Ka ɗora shi a kumbo mai nauyin tan 40, tafiyar nan ta Mun za ta ci kimanin minti 9 inji na aiki. Ka tuna zagaye ɗaya minti 31 ne, wato kowane minti kumbo na cin sama da digiri 11 na da'ira. In ka kunna tun saura minti huɗu da rabi, kana bayan wurin shirin da kimanin digiri 50. Shuɗiyar alama a lokacin tana can cikin ruwan ƙasan ƙwallo, tana nuna doron duniya. In ka bi ta, sama da kashi ɗaya cikin uku na turin farko ba ya tafiya inda kumbo ya dosa, kuma kana danna kanka ƙasa, har kana iya tsunduma cikin iska. In kuwa ka bi alamar gaba, mai zai fi yin albarka, sai dai hanyar da za ka samu za ta ɗan saɓa da wadda ka zana, ka yi gyara daga baya. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: gajeriyar tunkuɗa, bi shuɗiyar alama, doguwa, karkata ga alamar gaba.

Abin da ya fi duka shi ne ka yanka doguwar tunkuɗar gunduwa-gunduwa. Ka yi minti 3 a gindin hanya, ka kashe, ka zagayo, ka sake minti 3 a daidai wurin, har ka cika. Kamar mai tura yaro a lilo ne, ba ya bin lilon da gudu yana turawa, yana tsaye a wuri ɗaya, duk zuwa ya ƙara masa hannu. Gindin hanya ne ake zaɓa domin a nan kumbo ya fi gudu, kuma masanin roka Hermann Oberth ya nuna tun 1929 cewa man da aka ƙona a inda gudu ya fi yawa shi ya fi ƙara wa kumbo ƙarfin nisa. Sai dai ka lura, watan da kake nufi ba ya tsayawa jiranka, don haka tunkuɗar ƙarshe ce za ka auna da inda zai kasance.

Indiya ta yi amfani da wannan dabara a zahiri. Kumbonta Mangalyaan, da aka harba ranar 5 ga Nuwamban 2013, ya haura kilo 1,300, amma turin babban injinsa bai wuce ya ɗaga nauyin kilo 45 a doron ƙasa ba. Kusan wata guda ya yi yana zagaya duniya, ana kunna injin idan ya zo kusa, ƙololuwarsa na ƙara nisa, sannan aka sallame shi. Ya shiga falakin duniyar Mars ranar 24 ga Satumban 2014, a gwajin farko na ƙasar. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai batun riskar wani kumbo a falaki, inda ido ya fi yaudarar mutum. Ranar 3 ga Yunin 1965, James McDivitt, matuƙin kumbon Amurka Gemini 4, ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da gangar rokar da ta kai su sama. Gogaggen matuƙin jirgin yaƙi ne, sai ya yi abin da ya saba, ya saita hanci a kanta ya ba da wuta. Gangar ta riƙa ƙara nisa. Ya ƙona mai mai yawa, daga ƙarshe aka haƙura. Ga abin da ya faru: duk wanda ya ƙara gudu a falaki hanyarsa ɗagawa take yi, hanya mai tsawo kuwa ta fi daɗewa kafin a zagaye ta, sai ya koma baya. In kana so ka cim ma wanda ke gabanka, tunkuɗa baya za ka yi, ka sauko ƙasa da shi, ka riƙa zagayawa da sauri har ka kamo shi. Zafin nema ba ya kawo samu. Wata shida bayan haka, ranar 15 ga Disamban 1965, Wally Schirra ya bi lissafin ya kai Gemini 6 har tazarar kimanin santimita 30 daga Gemini 7.

A cikin wasan, idan ka matso 'yan kilomitoci da abokin haɗuwarka, ka mayar da ma'aunin gudu ya riƙa auna tsakaninka da shi. Daga nan doka ɗaya za ta ishe ka: inji yana jawo alamar gaba zuwa inda hanci yake, yana kuma korar alamar baya daga inda hanci yake. In kana so alamar gaba ta hau kan alamar da ke nuna inda abokin haɗuwa yake a ƙwallo, ka kai hanci can bayan alamarsa ka ɗan taɓa wuta, za ka ga ta biyo ka. In kana birki ne, ka ajiye hanci a gefen alamar baya, ta wajen da ba ka so ta je, sai ta gudu zuwa inda kake so. Da wannan kana rage gudu kana gyara hanya da mai ɗaya.

Misali na ƙarshe shi ne kumbon Apollo 13. A watan Afrilun 1970 tankin iskar shaƙa ya fashe 'yan sama jannatin suna hanyar zuwa wata, dole aka kashe kwamfutar tuƙi don tattalin lantarki. A hanyar dawowa aka ga suna kaucewa, sai an gyara da hannu. Jim Lovell ya saita kumbo da duniyar da yake hange ta taga, shi da Fred Haise kowa ya riƙe ɓangare ɗaya na juyin kumbon, Jack Swigert kuma ya riƙe agogo. Daƙiƙa 14 injin ya ci. Sun daidaita hanci kafin su kunna, sun riƙe shi bai yi yawo ba, sun kashe a kan lokaci. Ranar 17 ga Afrilu suka sauka lafiya a tekun Pasifik.

To jama'a, mu tattara abin da muka ji. Ka dubi ƙwallon alƙibla, kada ka biye wa hoton da ke allo. Ka juya kumbo kafin ka kunna inji. Ka raba tunkuɗa rabi kafin wurin shiri, rabi bayansa. Ka sassauta totur a ƙarshe, kada ka bi shuɗiyar alama in ta fara gudu. Doguwar tunkuɗa kuma ka yanka ta, ka riƙa yi a gindin hanya.

Kiranmu ga malaman kimiyya da lissafi shi ne, inda makaranta ke da kwamfuta ko da guda ɗaya ce, a gwada wa ɗalibai irin wannan wasa, su ga amfanin kosain da dokokin Newton da idonsu. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa a kansa, ku tsara masa lokaci don kada ya ci karatu da ibada, sannan ku zauna ku tambaye shi me ya sa ake rage gudu kafin a cim ma na gaba. In ya iya bayani, ya koyi abin da ya gagari ƙwararru a 1965.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)